CIWON HANTA NA C: KWANA 84 BA FASHI

Ya ku ƴan'uwa masu karatu, manoma da makiyaya na Tawa da sauran ƙasar Adar, yau zancenmu a kan ciwon hanta ne, irin wanda likitoci ke kira na C. Mun zo muku da albishir, amma albishir ne mai sharaɗi. Albishirin shi ne, wannan ciwo yana warkewa sarai. Cikin mutum 100 da suka sha maganin zamani yadda ya kamata, kusan 95 ko fiye suna rabuwa da shi. Sharaɗin kuwa shi ne a sha maganin kullum, ba fashi, har ya ƙare. Ga yawancin mutane mako 12 ne, wato kwana 84.

Kwana 84 bai fi tsawon damina ɗaya ba. Kusan kwanakin da gero ke yi ke nan daga shuka zuwa girbi. Duk manomi ya san wanda ya yi noman fari ya ƙi komawa maimai, ciyawa ya yi wa aiki. Haka maganin nan yake. Farawa ba wuya, kai shi ƙarshe shi ne aiki. Tun kafin a haɗiyi ƙwayar farko ake shirya wa kwanakin nan 84. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

AIKIN HANTA DA ABIN DA KE ƁATA TA

Hanta, ko anta kamar yadda muke cewa a nan, tana ɓangaren dama na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari. Ita ce ke tace jini. Ita ce ke kashe dafin abin da muka ci ko muka sha. Kuma rumbun jiki ce, tana ajiye abinci ta riƙa sakinsa a hankali. Idan ta lalace, jiki duka ya shiga wahala.

Abin da ke kawo ciwon hanta na C wata ƙaramar ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani. Likitoci suna kiranta birus. An gano wannan birus a shekarar 1989. A shekarar 2020 aka ba masana uku da suka yi aikin gano shi babbar kyautar nan ta Nobel: Harvey Alter da Michael Houghton da Charles Rice.

Birus ɗin C aikinsa irin na gara ne. Yana ci daga ciki, waje na nan lafiya lau. Cikin mutum 10 da suka kamu, jikin wajen 3 yakan kore shi da kansa cikin wata 6. Sauran 7 kuwa yana zama jikinsu. Mutum zai iya yin shekara 10 ko 20 yana noma, yana kasuwa, bai san yana ɗauke da shi ba. A hankali hantar wasu takan ƙeƙashe ta yi tauri. Daga nan sai kumburin ciki, ko aman jini, ko ciwon daji na hanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum wajen miliyan 50 ke ɗauke da birus ɗin C a duniya, wajen miliyan 8 daga cikinsu a yankinmu na Afirka. A wannan shekarar kaɗai ya kashe sama da mutum 240,000.

KADA MU HAƊA B DA C

Akwai wani ciwon hanta da ake kira na B. A ƙasarmu Nijar shi ya fi yawa nesa ba kusa ba. Wajibi ne mu bambanta su. Na B yana da allurar rigakafi, kuma tun shekarar 2008 tana cikin allurar da ake yi wa jarirai a ƙasar nan. Maganin B danne birus yake yi, kuma galibi ana shan sa shekara da shekaru. Na C ba shi da rigakafi, amma maganinsa yana kashe birus baki ɗaya.

Saboda haka lissafin kwana 84 na mai C ne kawai. Wanda ke shan maganin B kada ya karanta wannan shafi ya daina. Daina shi ba da iznin likita ba yana da haɗari ƙwarai.

TA INA AKE KAMUWA?

Birus ɗin C ta jini yake bi. Yana shiga ta allurar da aka yi wa wani aka sake yi wa wani. Yana shiga ta aska da reza da ƙaho da abin yankan farce, idan an yi aiki da su a jikin mutane da yawa ba a tafasa ba. Ana iya ɗaukarsa wajen kaciya, ko tsaga, ko cire beli, ko ƙarin jinin da ba a auna ba. Uwa takan sa wa jaririnta wajen haihuwa, amma ba kasafai ba. Tsakanin miji da mata ma ba kasafai ba.

Ba a ɗaukarsa ta cin tuwo a kwano ɗaya, ko shan fura da ludayi ɗaya, ko gaisawa, ko zama kan tabarma ɗaya. Don haka babu dalilin gudun mai wannan ciwo, kuma babu abin kunya a cikinsa.

GWAJI BIYU KAFIN MAGANI

Shawara, wato idanu su yi rawaya, ba ita ce shaidar C ba. Cututtuka da yawa suna kawo ta, kuma da yawa daga masu C idonsu fari tas. Gwajin jini kaɗai ke nuna shi. Wasu ma sai ranar da suka je ba da jini a asibiti ake gaya musu.

Gwajin iri biyu ne. Na farko yana nuna ko birus ya taɓa shiga jikin mutum. Na biyu yana nuna ko har yanzu yana nan. Wanda gwaji na biyu ya nuna birus a jininsa, shi ne mai bukatar magani. Wannan gwaji na biyu yana son na'ura ta musamman, wadda ba a samu a ƙaramin gidan likita na ƙauye. Likitan babban asibitin jaha da ke Tawa shi zai faɗi inda za a yi shi. Zai kuma duba halin da hanta take ciki. Zai auna ciwon B da ciwon sida, domin maganin C yakan tayar da birus ɗin B da ke kwance a jiki. Mace kuma za a duba ko tana da juna biyu, domin yawanci akan jira sai ta haihu.

MAGANIN JIYA DA NA YAU

A da, maganin C allura ce mai suna intaferon, ana yi kowane mako har wata 6 ko kusan shekara guda, tare da wasu ƙwayoyi. Tana sa zazzaɓi da kasala mai tsanani, kuma wajen rabin masu yi ne kawai ke warkewa. A ƙarshen shekarar 2013 aka fito da sabuwar ƙwaya a Amurka. Wasu suka biyo bayanta. Ga sunayen da aka fi gani, yadda ake rubuta su a jikin kwali: sofosbuvir, daclatasvir, velpatasvir. Ana haɗa sofosbuvir da ɗaya daga cikin biyun nan. Wani lokaci ƙwaya biyu ce ake sha tare, wani lokaci an haɗe su a ƙwaya ɗaya. Sau ɗaya ake sha a rana.

Kwalba ɗaya yawanci ƙwaya 28 ce, wato ta mako 4. Kwalba 3 su ne kwana 84. Wanda hantarsa ta riga ta ƙeƙashe, likita yana iya ba shi na mako 24. Akwai kuma wani iri na mako 8. Abin da likita ya rubuta shi ne doka. Tun shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara ma daga shekara 3 ana iya yi musu magani.

ME YA SA BA A SON FASHI?

Birus ɗin C yana haihuwa ba dare ba rana. Magani yana tsayar da haihuwar. Cikin makonni kaɗan yakan ragu ƙwarai, har na'ura ta kasa ganinsa a jini. Amma akwai saura ɓoye cikin hanta. Makonnin ƙarshe su ne ke gamawa da wannan saura. Ƙarfin ƙwaya ɗaya kuma na yini da kwana ne, shi ya sa ake sake sha kowace rana.

Idan aka tsaya a tsakiya, sauran birus yana iya farfaɗowa. Wani lokaci wanda ya farfaɗo ya saba da maganin, ba ya jin sa kamar da. Sai an nemi wani magani, wanda ya fi tsada kuma ya fi wuyar samu. Kuɗin farko ya tafi, ciwo na nan. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Amma a nan ƙin tashin ma ba mafita ba ne, tunda ciwon ba ya jira. Mafita ita ce a shirya sosai, sa'an nan a tashi.

ABUBUWA 5 DA KE YANKE MAGANI, DA DABARAR KOWANE

Na ɗaya, jin sauƙi. Mun saba da daina magani da zarar zazzaɓi ya sauka. Mai C kuwa sau da yawa ba ya jin ciwon komai tun farko. Sai zuciya ta ce masa: to, me ake sha wa magani? Mu riƙe wannan: ba jiki ke faɗin an warke ba, gwajin jini ke faɗi.

Na biyu, kuɗi. Lokacin da sofosbuvir ya fito a Amurka, ƙwaya ɗaya dalar Amurka 1,000 ce. Na mako 12 ya kama dala 84,000, sama da sefa miliyan 40 a lokacin. Daga baya kamfanonin Indiya da Masar da wasu ƙasashe suka shiga yin sa, farashi ya faɗi warwas. A shekarar 2023 an daidaita da wasu kamfanoni a kan dala 60 na mako 12, wato wajen jaka 36. Amma wannan farashin ƙasashe masu saye da yawa ne. Kafin magani ya iso hannun mara lafiya akwai kuɗin ɗauko shi da ribar mai sayarwa, ga kuɗin gwaji, ga na mota.

Kuskuren da za mu guje wa shi ne sayen kwalba ɗaya da nufin a nemi kuɗin sauran daga baya. Mu tambayi kuɗin abin duka tun ranar farko: kwalba 3, da gwajin farko, da na ƙarshe. Dangi su zauna su yi shawara. In rago za a sayar, ko buhun albasa ko na wake, a sayar tun yanzu. In ɗan'uwa da ke waje zai aiko, ya san adadin tun farko. Mata suna da asusunsu, irin na ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da aka fara a jahar Maraɗi a shekarar 1991 suka bazu ko'ina. Abin da ya fi shi ne kwalaben nan 3 su shigo hannu kafin a buɗe ta farko.

Na uku, nisa. Mutumin Takanamat ko Tebaram ko Barmu ko Affala, zuwa Tawa ba abin kullum ba ne gare shi. Da damina korama takan yanke hanya. In abin ya kai ga zuwa Yamai, tafiya ce ta sama da kilomita 500. Idan likita ya ce wata-wata za a riƙa karɓar magani, kada a jira kwalba ta ƙare. A koma tun da sauran ƙwaya 7. A karɓi lambar salular gidan likita, a kira kafin a taso, don a tabbatar magani na nan.

Na huɗu, tafiya biɗa. Kowa ya san Adar ƙasar ƴan biɗa ce. Da an gama girbi samari da magidanta sun kama hanyar Abijan, ko Najeriya, ko Kamaru, ko Libiya, ko Aljeriya. Makiyaya kuma da damina suna yin arewa da dabbobi, wajen Abalak da Cintabaraden. Wanda zai fara magani ya gaya wa likita gaskiyar ranar tafiyarsa. Ga misali. Wanda ya dawo gida don noma ya fara sha ranar 1 ga Yuli, zai gama ranar 22 ga Satumba, kafin a kammala girbi. Gwajinsa na ƙarshe zai faɗo tsakiyar Disamba. Wanda tafiya ta kama shi dole yana cikin sha, ya tafi da maganinsa duka, da takardar likita. Ya sa su a jakar da ke jikinsa, ba cikin kayan da ake ɗaurewa a saman mota ba. Kada ya dogara da cewa zai samu irinsa a can. Amma idan likita ya ce hanta ba za ta jira ba, to, tafiyar ce za ta jira.

Na biyar, ɓoyewa. Wanda ke shan magani a ɓoye, duk ranar da ya yi baƙi ko ya kwana wani wuri sai ya yi fashi. Ba dole ba ne gari duka ya sani. Amma a samu mutum ɗaya amintacce a gida, mata ko miji ko ɗa ko ƙane, wanda zai riƙa tambaya kullum: an sha? Masu maganin tarin fuka sun san wannan hanya, domin su ma wata 6 suke yi ana bibiyarsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku kuma magidanta, idan maiɗakinku ce ke sha, kuɗin magani da iznin zuwa asibiti suna wuyanku.

ABIN DA AKA GANI A WASU ƘASASHE

Wani zai ce: anya talaka na ƙauye zai iya riƙe magani shi kaɗai har wata 3? An gwada an gani. A shekarun 2018 da 2019 likitoci sun ɗauki mutum 399 a ƙasashe 5: Yuganda, Afirka ta Kudu, Birazil, Tailan da Amurka. Ranar farko aka danƙa wa kowa ƙwayoyinsa 84 gaba ɗaya, bayan an yi masa bayani. Ba a ce ya riƙa dawowa asibiti ba. Sau biyu kawai aka tuntuɓe shi daga nesa, ta waya ko ta saƙo. Da aka yi gwajin ƙarshe, 95 cikin 100 sun warke. Ba a sa masu juna biyu a ciki ba, ko masu ciwon B, ko waɗanda hantarsu ta lalace ƙwarai, domin su sai da idon likita. Amma darasin a fili yake: idan magani na hannu, an fahimci bayani, kuma akwai mai tunatarwa, mutum yana kai wa ƙarshe.

Ƙasar Masar kuma ta nuna abin da hukuma za ta iya. A da tana cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan masu C. Dalili shi ne allurar maganin tsargiya da aka yi ta yi wa mutanen ƙauyuka shekara da shekaru, har zuwa wajen 1980, ba tare da an tafasa alluran yadda ya kamata ba. Daga watan Oktoba na 2018 gwamnatin Masar ta auna jinin kusan mutum miliyan 50 cikin watanni kaɗan. Ta ba waɗanda suka kamu magani kyauta, wanda aka yi a cikin ƙasar. A watan Oktoba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Masar shaidar zinariya, ta zama ƙasa ta farko da ta kai wannan matsayi a hanyar kawar da ciwon. Tun shekarar 2016 ƙasashen duniya suka ɗauki alkawarin murƙushe ciwon hanta kafin ƙarshen 2030. A nan Nijar, Ma'aikatar Kiwon Lafiya tana da shiri na ƙasa mai yaƙi da sida da ciwon hanta. Kira gare shi shi ne a kusanto da gwaji da magani ga mutanen karkara, a kuma sauƙaƙa kuɗinsu.

DABARUN TUNAWA

1. Mu zaɓi lokaci ɗaya, mu ɗaura shi a kan abin da ba ma fashinsa. Misali bayan sallar asuba kafin a fita gona, ko bayan tuwon dare.

2. Mu yi amfani da karatun da muka koya. A ɗauki takarda a ja layi 12, kowane layi da gida 7. Duk ranar da aka sha, a sa alama a gida ɗaya. A rubuta ranar farawa a sama, ranar gamawa a ƙasa.

3. Wanda bai iya rubutu ba ya ƙirga tsakuwa 84 a ƙoƙo. Kullum ya ɗauke ɗaya ya sa a wani ƙoƙon.

4. Mu riƙa ƙirga abin da ya rage. Kwalba ɗaya kasuwar Lahadi 4 ce ta Tawa. In an ci kasuwa 4 ƙwaya ba ta ƙare ba, an yi fashi ke nan.

5. Mai salula ya sa ta ta riƙa kaɗa masa ƙararrawa. Yaran gida sun iya saita ta.

6. Mu adana magani da kyau. Zafi yana ɓata shi, kuma a watan Afrilu da Mayu zafin Tawa yana wuce awo 40. A bar shi cikin kwalbarsa a rufe, a ɗaki mai sanyi, inda ruwa ba ya taɓawa, inda hannun yara ba ya kaiwa. Ɗan ƙunshin da ke cikin kwalba na shanye laima ne, ba a haɗiye shi.

7. Ba a raba wannan magani da kowa, ko da ɗan'uwa ne idonsa ya yi rawaya. In an raba, ba wanda zai warke.

IN AN MANTA FA?

Ɗan Adam ajizi ne. Wanda ya manta ya tuna a cikin yinin, ya sha nan take, gobe ya koma lokacinsa. Wanda bai tuna ba sai da lokacin na gobe ya kusa, ya bar wanda ya wuce, ya sha na ranar kawai. Ba a haɗa na kwana biyu a sha lokaci ɗaya. Fashin kwana ɗaya ko biyu ba ya rushe aikin duka, don haka kada a yanke ƙauna a watsar. A ci gaba, a gaya wa likita. Idan fashin ya wuce mako guda, a nemi likita da gaggawa, shi zai faɗi abin yi. Kada a ɓoye masa don jin kunya. Da gaskiyar da aka faɗa masa yake aiki.

Idan amai ya zo jim kaɗan bayan an sha, wataƙila ƙwayar ta fito. Kowane iri da ƙa'idarsa, saboda haka a tambayi likita tun ranar farko. Matambayi ba ya ɓata.

Azumi ba ya hana wannan magani, tunda sau ɗaya ne a rana. A shawarci likita a mayar da shi lokacin sahur ko bayan buɗa-baki. Wanda hantarsa ta ƙeƙashe ya tambayi likita kafin ya ɗauki azumi.

Wasu sukan ji ciwon kai, ko gajiya, ko tashin zuciya, ko rashin barci. Yawanci ba su da tsanani, kuma suna wucewa. Ba dalilin dainawa ba ne. Amma idan ido ya yi rawaya, ko ciki da ƙafafu suka kumbura, ko aka yi aman jini, ko bayan gida ya yi baƙi ƙirin, ko hankali ya rikice, a garzaya asibiti ba tare da jinkiri ba.

ABUBUWAN DA BA SA JITUWA DA SHI

Ranar zuwa ganin likita, a tattara duk magungunan da ake sha a tafi da su. Akwai waɗanda ke kashe ƙarfin maganin C. Daga cikinsu akwai na tarin fuka mai suna rifampicine, da na farfaɗiya irin su carbamazépine da phénobarbital. Maganin gyambon ciki irin su oméprazole, da farin ruwan nan na ƙwannafi, suna hana velpatasvir shiga jini sosai. Mai jiƙa kanwa yana sha shi ma ya faɗa. Akwai maganin zuciya mai suna amiodarone, haɗa shi da sofosbuvir yana da haɗari ga rai. Mai shan maganin sida ko na ciwon suga ya sanar, don a daidaita masa. Kada kowa ya daina wani maganinsa da kansa. Likita ne mai tsarawa.

Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba, hanta ce ke ɗaukar nauyinsu. A bar su. A bar giya, a bar ƙwayoyin ƙarin ƙarfi irin su taramol. Kada a sayi maganin C a tebur ko wajen mai talla, ko da ya fi araha. A shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan jabun wannan magani da aka kama a ƙasar Bama, can Asiya. A saya a farmasi, da takardar likita.

Ga kuma wata magana ta manoma. Gyaɗa da masara da suka yi fumfuna suna ɗauke da dafi mai cin hanta. A shanya amfanin gona ya bushe sosai kafin a kai shi rumbu. A tsince ruɓaɓɓu a zubar.

GWAJIN ƘARSHE SHI NE GIRBI

Ranar da aka haɗiyi ƙwaya ta 84 aiki bai ƙare ba. A ƙirga wani mako 12, a koma a sake gwaji na biyu, wanda ke neman birus kansa. Idan ba a gan shi ba, an warke. A adana takardar da kyau. Gwaji na farko kuwa zai iya ci gaba da nuna alama har ƙarshen rayuwa, domin tabo ne na abin da ya wuce. Kada wannan ya tayar wa kowa hankali. Idan kuma birus ya dawo, akwai magani na biyu, a koma wa likita.

Warkewa ba rigakafi ba ce. Ana iya sake kamuwa. Kowa ya riƙe rezarsa. A nemi wanzami ya sa sabuwa, ko ya tafasa kayansa. Kada a yarda da allura sai wadda aka buɗe daga ledarta a gabanmu. Wanda hantarsa ta riga ta ƙeƙashe ya ci gaba da zuwa ana duba shi kowane wata 6, ko bayan ya warke. Iyalin gida su ma su je a auna su.

MU RIƘE WAƊANNAN

A auna kafin a sha. A tanadi kwalba 3 kafin a buɗe ta farko. A daidaita magani da lokacin tafiya. A samu mai tunatarwa a gida. A sha kullum har kwana 84. A koma gwaji bayan mako 12.

Ranar 28 ga Yuli ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da ciwon hanta ta duniya, amma kada mu jira ta. Ku da kuka iya karatu, ku karanta wa waɗanda ba su iya ba, a dandali, da bakin rijiya, da wajen taron suna. Ku karanta wa masu shirin tafiya biɗa kafin su ɗaura kaya. Lafiya uwar jiki. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba mu damina mai albarka.